Tubalin Majami'a, Ɗakin Inna

Kwanan baya ɗan autana, wanda shi ma yanzu furfura ta fara fito masa, ya ɗauko ni bisa moto, wato babur, daga gidan likita. Muka biyo ta inda filin awon gyaɗa yake a da, sai na taɓa kafaɗarsa na ce ya tsaya. Na duba gabas, na duba yamma, ban gane kome ba. Masu sayar da esansi, man moto, a kwalba sun jera teburansu, ga masu gyaran waya, ga wani gini na siminti da aka fara ba a ƙarasa ba. Ya ce, "Tsohuwa, mi kike nema?" Na ce ba kome, mu tahi. To ta yaya zan gaya masa ƙarar wurin nake nema?

A zamaninmu, da an kai amfanin gona gida, Tasawa takan cika ta batse. Tun da hantsi za ka ji kukan raƙuma ana gurfanar da su, jakuna sun taso daga wajen Korgom da Mayahi da buhuna a gefe da gefe, ƙarfen sikeli yana bugawa, akawu yana kiran lamba da Faransanci, ƴan dako suna amsa waƙa da buhu a wuya. Ta bayan fili kuma mata ne a jere, wasu na ɓarar gyaɗa, wasu na sheƙe ta da faifai, ɓawo yana tashi yana zubo mana a kai. Ƙanshin man da ake matsa da na ƙuli-ƙuli ba ya barin hanci. Ba a daɗe da ɗaga sabuwar tuta ba, ana ta cewa ƙasa ta dawo hannun ƴaƴanta, ga gyaɗa tana da daraja, manomi ya sayi keke, ya yi wa matarsa atamfa. Yau kam gonakin nan gero da wake ake sa musu, samari kuma hankalinsu yana ƙetaren hamada ko Najeriya. Wanda bai ga lokacin ba zai ce ƙari nake yi. Sai dai ko a cikin wannan wadata akwai waɗanda ba su da inda za su sa haƙarƙari, kuma ni da mahaifiyata muna cikinsu.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Korgom. Babana ya rasu ina budurwa, bayan shekara ɗaya kuma wasu tabo masu haske suka fito wa Inna a damtse da gadon baya. Aka tsikare ta da ƙaya ba ta ji ba, sai kowa ya gane kuturta ce. Aka fara ware mata ƙwarya, daga nan aka ware mata tabarma, a ƙarshe aka yi mata bukka a bakin gari. Saurayin da ya kawo kayan gaisuwa gidanmu ya daina biyowa ta hanyar. Da damina ta kada bukkar, ba wanda ya zo ya tada ita. Ban ce mugayen mutane ba ne, tsoro ne ya kama su. Inna ba ta zagi kowa ba. Ni ce ta fari, saboda haka ba ta kama sunana, sai ta ce, "Ke, ɗaure mana kaya. Inda ake awo ba a rasa abin da ya zube ƙasa." Muka bi bayan jakunan gyaɗa da ƙafa har Tasawa.

A bayan filin awo akwai wata rumfa ta zana da kamfanin sayen gyaɗa yake kafawa kowace kaka don ajiye buhunan wofi. A ƙarƙashinta muka sauka, muka tarar da wasu sun riga mu: kutare biyu maza, wata mata da hankalinta ya taɓu bayan ƴaƴanta sun mutu a mako guda, wani tsoho makaho daga wajen Kanambakashe da muke ce wa Baba, da wasu masu zuwa su wuce. Da rana ina sheƙar gyaɗa a ba ni rabona da mudu, da yamma in share abin da ya zube in kai mana. Inna yatsunta sun fara lanƙwashewa, amma ba ta taɓa barin salla ta wuce ta ba.

A nan Madam Rozali ta same mu. Matar akawun awo ce, Mushe Antuwan, mutanen can bakin teku ne da aikin biro, wato ofis, ya kawo su, mabiya ɗariƙar Katolika. Gajeruwa ce mai ƙiba, tana ɗaura ɗankwali kamar tulu, Hausarta kuwa abin dariya, don mace da namiji duk "kai" take ce musu. Ranar da ta fara zuwa, tukunyar wake da garin rogo ce a kanta. Inna ta tura ƙoƙonta gaba da ƙafa, ta janye jiki, ta ce, "Zuba daga nesa, baiwar Allah, kada ki taɓa." Matar nan ta dubi ƙoƙon, ta dubi Inna, sai ta tattare zane ta zauna a ƙasa daɓas. Ta zuba waken a ƙoƙon, ta sa hannu ta ɗiba ta kai baki, ta ce, "Mama, kai ci, ni ci. Ni kaɗai ba daɗi." Shekara biyu ke nan ba wanda ya haɗa hannu da Inna a ƙwarya, har ni, don ta hana ni. Ran nan kam Inna ta miƙa hannu ta ɗiba.

Da matar ta tafi Inna ta ce mini, "Ki yi hankali. Yau wake, gobe ta ce mu bar salla." Muka zauna muna jiran goben, ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne buta, don Madam ta lura Inna na fama da ɗaukar ruwan alwala da ƙoƙo. Ita ce kuma ta riƙe hannun Inna ta ratsa da ita tsakiyar kasuwa zuwa gidan likita, aka rubuta sunanta cikin masu karɓar ƙwayar kuturta, cutar ta tsaya inda ta kai. Wata rana ina taya ta tankaɗe na kasa haƙuri na tambaye ta me take nema a wurinmu. Ta shafa carbinta mai ɗan gicciye, ta ce, "Mu an koya mana, inda matalauci ya kwanta, nan Yesu yake jiran mu, wanda ku kuke ce ma Annabi Isa. In ban zo ba, ya jira banza." Ban gane duka ba a lokacin, amma na gane ba ciniki take yi da mu ba.

Kiristocin garin duka ba su fi gida bakwai ba, akawuna ne da malamin lakwal, wato makarantar boko, da wani kafinta. Ba su da majami'a, ƙarƙashin wani itacen bedi suke taruwa ran Lahadi, limaminsu kuma, wanda suke kira Mompe, daga Maraɗi yake zuwa bisa moto sau ɗaya a wata. An ba su fili a yammacin gari, rani biyu suna buga tubali da hannunsu bayan sun tashi daga aiki. Tun da muka zo ni nake ɗebo musu ruwa, shi ya sa na san yadda tubalin nan yake a ransu. Mushe Antuwan yakan zagaya tsibin yana shafa shi kamar mai duba doki. Burinsa a ɗaura auren babbar ɗiyarsa a cikin ginin, ba a ƙarƙashin itace ba. Har ya ja igiya ya kafa turaku, ɗaki ɗaya dogo mai ƙofa a gabas.

Sai kakar gyaɗa ta ƙare, aka ce kamfani zai kwashe zanarsa da dirkokinsa kamar yadda ya saba. Bazara ta kama, gajimare ya fara taruwa a gabas. Mu tara ne a rumfar a lokacin, ba wanda yake da inda zai nufa. Ran Lahadi na kawo tulu na tarar sun gama addu'a, Madam Rozali tana tsaye a tsakiyarsu tana magana da yarensu haɗe da Faransanci, tana nuna tsibin tubali, tana nuna wajen filin awo. Ban ji kalma ko ɗaya ba, amma na ga fuskar mijinta. Ya miƙe ya buɗe mata tafukan hannunsa da suka yi kanta, yana faɗa har jijiyar wuyansa ta fito. Kafinta ya goyi bayansa, matar malamin lakwal ta fashe da kuka. Mompe yana zaune bisa kujera yana saurare, da suka juyo gare shi sai ya ɗaga kafaɗa. Daga baya Madam ta gaya mini so take a gina mana ɗaki da tubalin, ta kuma faɗa mini abin da Mompe ya ce: tubalin nasu ne, su suka buga, shi dai ya san Ubangiji bai taɓa kukan rana ta dame shi a ƙarƙashin bedi ba. Aka watse ba a shirya ba. Kwana huɗu Mushe Antuwan bai ci abincin matarsa ba.

A rana ta biyar, bayan la'asar, hadarin farko ya taso. Iska ta zo da ƙarfi ta ɗauke rabin rumfar tamu ta yi gaba da ita, dirka ɗaya ta faɗo kusa da kan Baba makaho. Ruwan bai yi yawa ba, amma ya isa ya jiƙa mu sharkaf. Madam tana wurinmu lokacin, ta kawo kunu. Muka taru muka lulluɓa da buhunan wofi, Madam tana rungume da matar nan mai taɓin hankali da ke ta kururuwa. A haka mijinta ya same mu, ya fito neman ta da lema a hannu, da alama faɗa ya zo yi. Ya tsaya yana kallon mu. Baba yana lalube cikin taɓo yana neman sandarsa, yana cewa, "Jama'a, ina gabas? Ku nuna mini gabas, kada magariba ta same ni a karkace." Mushe Antuwan ya miƙa mini lemar, ya durƙusa ya goyi tsohon nan a bayansa, da farar rigarsa ta biro, ya kai shi zauren gidansa. Da gari ya waye na je fili da tulu, na tarar ya tuge turakun nan duka yana sake jan igiya. Dogon ɗaki ya zama ɗakuna shida a jere. Ya ɗago ya ce mini da Hausarsa mai kyau, "Ke yarinya, tsayuwar mi kike yi? Kawo ruwa, damina ba ta jiran mu."

Mun ɗauka an gama, ashe da saura. Da maƙwabtan filin suka ji kutare za a kawo musu, suka tashi tsaye. Na je rijiyar unguwa aka karɓe gugan daga hannuna, wata mata ta ce ɗiyar kuturwa ba ta ƙara sa igiya a rijiyarsu. Gini kuwa ba ya yiwuwa sai da ruwa, wata rijiyar tana da nisa, ga sama kullum tana haɗa fuska. Kwana uku ƙasa tana bushewa a ramin kwaɓi. Aka ce dattawa za su zauna a ƙofar mai unguwa su yanke magana, har da limamin masallacin Juma'a. Mushe Antuwan ya ce shi baƙo ne, in ya yi magana za a ce yana neman mabiya ne. Madam ta dube ni ta ce, "Kai za ka faɗa. Mama naka ne."

A lokacinmu budurwa ba ta tsayawa gaban dattawa, ko suna ka zo faɗa sai ka durƙusa daga nesa. Yaran yanzu da ke gardama da iyayensu a waya ba za su san nauyin abin ba. Na je na durƙusa a bakin tabarma. Mai unguwa ya ce, "Wa ya aiko ki?" Na ce, "Ranka shi daɗe, ba wanda ya aiko ni, uwata ce ke kwana a fili." Wani attajiri ya ce su ba ƙin taimako suke yi ba, amma suna da ƴaƴa, kuma wa ya san abin da baƙin nan suke nufi da gina wa Musulmi ɗaki? Ban san inda maganar ta fito mini ba. Na juya wajen liman na ce, "Allah shi gafarta Malam, uwata ba ta da yatsun kirki, amma ba ta taɓa barin salla ba. Wata biyar muna bayan filin awo, ana kiran salla muna ji, ana wuce mu ana tahiya masallaci. Mutanen nan ba addininmu ɗaya ba. Rani biyu suna buga tubali don ɗakin ibadarsu, sun bar mana shi, ba su ce mu bar kome namu ba. Likita ya ce mai shan ƙwaya ba ya sa ma kowa cuta. An ce ƙasa ta zama tamu. Mu ba ƙasa muke roƙo ba, ruwan kwaɓa ƙasa muke roƙo." Hawaye suka ƙwace mini. Liman, tsoho ne siriri da ba ya son yawan magana, ya ajiye carbinsa. Can ya ce, "Yarinyar ga ba ta faɗi ƙarya ba." Ya miƙe ya sa takalmansa ya tafi, aka watse ba a yanke kome ba. Na koma na gaya wa Inna na ɓata mana al'amari.

Washegari da hantsi na ji ana hayaniya a bakin rijiya. Na je na tarar liman ne da kansa, ya naɗe hannun riga, ya zura guga yana ja. Mutane suka ruga su karɓe shi, ya ce kada wanda ya taɓa. Ya kira ni ya ce in kawo tuluna, tulun da aka hana ni sa wa ruwa, ya cika shi da hannunsa, ya taya ni ɗauka, sannan ya ɗauki gugan ya biyo ni a baya har fili, ya juye a ramin kwaɓi. Ya gaisa da Mushe Antuwan hannu da hannu, ya ce, "Kun riga mu, Allah shi saka muku. Amma ba za ku ƙare ku kaɗai ba." Ran Juma'a bayan salla ya kira gayya.

Ban taɓa ganin irin wannan rana ba, kuma ban sake gani ba. Makaɗan noma suka zo da gangunansu kamar za a shiga gonar sarki. Ƴan dako da aikin awo ya ƙare musu suka tuɓe riguna suka faɗa ramin kwaɓi suna tattaka ƙasa da waƙa. Magina na gari suka hau, kafintan nan Kirista yana miƙa musu tubali. Buzaye suka kawo itacen rufi bisa raƙuma, dillalan gyaɗa suka aiko da zana, maƙeri ya buɗe tsofaffin ganguna na ƙarfe ya yi ƙyamare. Mata suka yi layi daga rijiya har fili, tulu yana wucewa daga kai zuwa kai, matar da ta karɓe mini guga tana gabana, ba ta dube ni ba, ni ma ban tuna mata ba. Attajirin nan bai zo ba, amma da azahar aka ga ƙwaryar fura guda goma daga gidansa. Madam Rozali tana yawo tsakanin mutane da taɓo har goshi tana cewa, "Kai sannu! Kai sannu!" kowa yana dariya yana amsawa. Baba makaho aka zaunar da shi a inuwa yana sa albarka da ƙarfi, Kirista ya wuce ya ce amin, Musulmi ya wuce ya ce amin. Cikin kwana tara aka kai rufi, aka yaɓe, aka sa indararo.

Kiristocin nan sai da suka ƙara rani uku suna addu'a a ƙarƙashin bedi. A nan aka ɗaura auren ɗiyar Mushe Antuwan, ya sa kwat ɗinsa yana gumi yana murmushi, mu mutanen ɗakuna shida muka kai mata gudummawar faifai da Inna ta saƙa da abin da ya rage mata na yatsu. Da suka tashi ginin majami'arsu, mu muka ɗebo ruwa tun daga tushe har rufi, ba wanda ya roƙe mu. Daga ɗakin da aka gina mana aka ɗauke ni zuwa gidan mijina, ɗaya daga cikin maginan gayyar, a cikinsa kuma Inna ta cika bayan shekaru masu yawa, a kan gadonta, liman ya yi mata salla. Yanzu ina jin ana taimako da mota mai rubutu a jiki, a tara mutane a rana a ɗauki hotonsu. Ban raina ba, mai yunwa ba ya zaɓe. Amma ban cika ganin mai zama a ƙasa ya sa hannu a ƙoƙonka ba.

Ranar da muka tare ita ce ba ta fita raina. Da azahar aka ba Inna ɗaki na biyu daga gabas. Ta shiga ta tsaya a tsakiya, ta shafa bango, ta tura ƙyaure ta rufe, ta buɗe, ta sake rufewa. Ba mu gama shimfiɗa tabarma ba sai sama ta yi baƙi, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ruwan shuka na gaske. Muna ciki muna jin sa yana dukan rufi yana zuba ta indararo, ko ɗigo bai taɓa mu ba. Can sai ga Madam Rozali ta taho da gudu, ruwan ya tare ta a hanya da tukunya a kai, ta jiƙe jagab. Ta tsaya a bakin ƙofa tana haki, za ta faɗo ciki kamar yadda ta saba faɗowa rumfa. Inna ta miƙe ta tare ƙofar, ta gyara lulluɓi, ta ce, "A'a, ƙanwata. Nan gida ne. Yi sallama."

Madam ta yi turus, sannan ta gane. Ta ja da baya cikin ruwan, ta gyara tsayuwa, ta ɗaga murya ta ce, "Salamu alaikum, masu gida!"

Inna ta ce, "Wa alaikumus salam. Maraba da baƙuwa. Shigo daga ruwa." Ta juyo gare ni, fuskarta kamar ta amarya. "Ke, shimfiɗa ma baƙuwarmu tabarma."